Zuciya, Ƙishirwa da Maƙoƙo: Tarihin Wani Saƙon Jini Daga Hanyar Gwanja Zuwa Zongon Kumasi

Gabatarwa

A wurin Bahaushe zuciya mazaunin hali ce. Da ita ake fushi har a ce wane ya yi zuciya, a cikinta ake ƙulla niyya, ita ce ke ɓaci, ita ce kuma ke sanyi. Likitancin zamani kuwa ya daɗe yana kallonta a matsayin famfo, wato tsokar da ba ta da aiki sai tura jini. A shekarar 1981 ne aka tabbatar da cewa tana da wani aikin daban: tana auna yawan ruwan da ke kewaya jijiyoyi, sannan ta aika wa ƙoda saƙo ta cikin jini. Saƙon wani sinadari ne daga cikin waɗanda masana ke kira homon, kuma an taƙaita sunansa da haruffa uku, ANP. Yawansa a cikin jini yana raguwa idan jiki ya rasa ruwa. Yana kuma hawa ko sauka gwargwadon aikin wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo.

Wannan darasi zai bi tarihin gano waɗannan abubuwa, ya jera shi da tarihin Hausawan da suka kafa Zongon Kumasi a ƙasar Ghana. Abin da ya haɗa su a fili yake. Ruwa da gishiri da kanwa su ne abubuwan da rayuwar fatake ta rataya a kansu, kuma su ne abubuwan da wannan saƙo na zuciya yake tsaro.

Hanyar Gwanja

Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Kasuwancin ya kai ganiyarsa a ƙarni na 19, lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe ragamarsa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da sha'anin hanya. Sukan haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu ko Sansanin Mango, har su sauka Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Tazarar ta haura kilomita 1,000, tafiyar kuma ta watanni ce. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya kuma bar bayanin yawan mutanensa da dabbobinsa.

Kayan da ake kaiwa sun haɗa da tufafi da fatun jima da dabbobi da busasshiyar albasa, sai kuma kanwa wadda ake haƙowa a ƙasashen Borno da Manga. Abin da ake komowa da shi shi ne goro daga dazuzzukan Asante. Goro kaya ne mai son laima. Sai an naɗe shi da ganyen fita an ɗaure huhu, ana kwancewa a kan hanya ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa wa saura ruwa. Da yake galibin tafiyar da rani ake yi, ruwa ne ke tsara ta, domin ba a yada zango sai inda mutane da jakuna za su sha. Kalmar zango tana nufin masaukin ayari, tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. Falke yana ɗauke da kaya biyu da bushewa ke yi wa barazana, huhun goronsa da jikinsa. Na farko yana ganinsa da ido. Na biyun kuwa, abin da yake gani daga gare shi bai wuce bushewar maƙogwaro da ƙarancin fitsari da jansa ba.

Daga Salaga zuwa Zongon Kumasi

Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan Ingila biyu, Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820, sun tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi a kusa da fadar Asantehene Osei Bonsu. Sai dai a mafi yawan ƙarnin, sarautar Asante ta tsayar da fataken arewa a Salaga, ba ta bari su shigo dajin goro. Al'amarin ya sauya bayan sojojin Ingila sun ƙone Kumasi a 1874. Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya ja baya daga kasuwarta, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa mazaunanta. Daga cikin waɗanda suka bar ta akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi a 1934.

Turawa sun mamaye Kumasi a 1896 suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya, aka kuma yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Daga nan ƙofa ta buɗe. Fatake da malamai da tsofaffin sojoji masu jin Hausa suka zauna a gefen birnin, aka kira unguwar Zongo. Jirgin ƙasa ya iso daga Sakandi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Legas, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sabuwar hanya. Da tafiya ta yi tafiya, Zongo ta yaɗu zuwa Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da wasu unguwanni, inda Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Fulani da Yarabawa suka ɗauki Hausa harshen hulɗa. Ko dokar korar baƙi ta 1969, a zamanin Firaminista Busia, ba ta tumɓuke wannan tushe ba. Abincin Zongo ma ya shiga bakin Ghana baki ɗaya: koko da ƙosai, tuwon zafi, da shinkafa da wake da ake kira waakye, wadda akan dafa da karan dafi da 'yar kanwa.

Yadda aka gano saƙon zuciya

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Sunan da likitoci suka ba ɗakin sama, atrium, kalmar Latin ce mai nufin ɗakin da baƙo ke fara shiga a gida, wato zaure. A 1956 Otto Gauer da James Henry suka hura wata 'yar balan-balan a cikin zauren zuciyar kare, sai suka ga fitsarinsa ya ƙaru. A wannan shekara Bruno Kisch ya hango wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin tsokar zauren ta madubin ƙara girma, kuma a 1964 James Jamieson da George Palade suka nuna cewa ƙwayoyin sun yi kama da rumbunan da jiki ke tara homon a ciki. Abin da ke cikin rumbunan ne ba a sani ba.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Adolfo de Bold, ɗan ƙasar Ajantina da ke aiki a Jami'ar Queen's a birnin Kingston na Kanada. A 1979 ya nuna cewa idan aka hana ɓera ruwa da gishiri, yawan ƙwayoyin nan yana sauyawa. A 1981 shi da Harald Sonnenberg da abokan aikinsu suka niƙa tsokar zauren zuciyar ɓera, suka tace, suka yi wa wasu ɓeraye allurar ruwan. Cikin 'yan mintoci fitsari ya ninka kusan sau 10, gishirin da ke fita a cikinsa ya ninka sau 30. Da aka gwada da tsokar ɗakunan ƙasa, ba a ga haka ba. A 1984 Kenji Kangawa da Hisayuki Matsuo na Japan suka fayyace ginin sinadarin a jikin ɗan Adam, sarƙa ce mai ƙulli 28. A 1988 aka gano ɗan'uwansa, BNP, wanda aka fara samu a ƙwaƙwalwar alade, daga baya aka gane cewa zuciya ce babbar matattararsa.

Akwai abin lura ga ɗalibin harshe a cikin sunan. Harafin N da ke tsakiya ya fito ne daga natrium, sunan Latin na sinadarin sodiyom da ke cikin gishiri. Natrium kuwa daga natron yake, wanda Larabawa ke kira naɗrun, wato kanwa. Ke nan kayan da jakunan fatake suka yi ta kaiwa Salaga yana zaune a tsakiyar sunan wannan homon.

Abin da ƙishirwa ke yi

Aikin ANP mai sauƙin fahimta ne. Idan ruwa da gishiri suka yi yawa a jiki, jini yakan ƙaru, zauren zuciya ya cika har bangonsa ya miƙe. Wannan miƙewa ce ke sa a saki sinadarin. Da isarsa ƙoda sai ta ƙara zubar da gishiri da ruwa, jijiyoyin jini su saki, a kuma danne sinadaran renin da aldosteron masu riƙe gishiri. Ba ya daɗewa a jini, cikin mintoci kaɗan rabinsa ya ɓace, saboda haka yawansa labarin halin da ake ciki ne a wannan sa'a.

Idan kuwa jiki ya rasa ruwa, ta hanyar gumi ko gudawa ko amai ko doguwar tafiya cikin rana, sai al'amarin ya juya. Jini ya ragu, bangon zaure ya saki, zuciya ta rage aika saƙon, ta bar shi a rumbu. A lokaci guda wani homon mai suna basofiresin, wanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa, yakan hau, haka ma renin da aldosteron. Dukkansu umarni ɗaya suke ba ƙoda, ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin matafiyi yake raguwa ya yi ja. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan shiru da zuciya ke yi yana daga cikin dabarun da ke adana ruwan cikin har a kai rijiyar. Hakan ne ke faruwa a jikin mai azumi a Aboabo tsakanin sahur da shan ruwa, da jikin 'yar dako a kasuwar Kejetia lokacin hunturu. Da an sha ruwa jini ya koma daidai, saƙon ya sake hawa.

Kanwa da jego a Zariya

Wurin da aka fi nazarin wannan al'amari a jikin Hausawa shi ne Zariya. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, musamman Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, kwanciya ta gagara. An ƙiyasta cewa cutar tana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da ya zarce na yawancin ƙasashen duniya nesa ba kusa ba. Likitocin sun danganta ta da al'adun jego na kwana 40: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. A ganinsu, sodiyom ɗin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Bayan gano ANP sai aka sami ma'aunin gwada wannan ra'ayi. A wani bincike da aka buga a 1991, wanda Dakta Adesanya da Parry suke cikin marubutansa, an auna jinin masu jegon da ke fama da cutar a Zariya. An tarar da ANP ya hau ƙwarai idan aka kwatanta da na masu jego lafiyayyu, renin da aldosteron kuma sun sauka. Wannan shi ne kishiyar abin da ƙishirwa ke yi: zuciya tana ta aika saƙo a zubar da ruwa, amma nauyin ya fi ƙarfinta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya faɗaɗa bayanin, inda ya jawo hankali ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom, ya nuna cewa ba a kan kanwa kaɗai laifin yake ba. Shi kuwa Parry, bayan Zariya da Ilori, ya zama shugaban makarantar koyon aikin likita ta Kumasi daga 1980 zuwa 1985, wato a daidai shekarun da duniya ke sanin wannan homon.

Maƙoƙo da garkuwar wuya

Abu na biyu da ke juya yawan ANP yana gaban wuya. A 1656 Thomas Wharton ya raɗa wa tsokar nan suna tayirod, daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa. Ita ce ke sarrafa homon biyu, T4 da T3, masu tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Lambobin suna nuna yawan ƙwayoyin aidin da ke cikin kowanne. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, tayirod takan yi ta girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai, wannan girma shi ne maƙoƙo. Bernard Courtois ya gano aidin a 1811 a cikin tokar ciyawar teku, Jean-François Coindet ya yi maganin maƙoƙo da shi a Janeba a 1820, kuma Suwizalan ta fara sa shi a gishiri a 1922.

Alaƙar wuya da zuciya ma tsohuwar sani ce. Wani Parry daban, Caleb Parry na garin Bath a Ingila, ya ga mai maƙoƙo da bugun zuciya mai tsanani tun 1786, kuma Robert Graves na Dublin ya bayyana cutar a 1835, aka sa mata sunansa. Da aka sami hanyar auna ANP a tsakiyar shekarun 1980, masu bincike a Japan da wasu ƙasashe suka gwada shi a ɓeraye da mutane. Sakamakon ya daidaita: idan tayirod ta yi aiki fiye da kima, ANP yana hawa, idan ta yi sanyi, yana sauka, idan aka yi magani, yana komawa matsayinsa. Dalilai biyu ne. Na farko, yawan homon na tayirod yana ƙara yawan jini da saurin bugu, har yakan hargitsa bugun zauren zuciya, bango ya ƙara miƙewa. Na biyu, T3 yana shiga ƙwayoyin tsokar zuciya kai tsaye ya sa su ƙara sarrafa ANP, ko da babu miƙewa.

Gishirin Ghana

Tun kafin zuwan Turawa gishiri iri biyu ke yawo a kasuwannin da Hausawa ke ci: na Daboya da ake tacewa daga ƙasa a bakin Farin Volta, da na tafkin Songor a Ada wanda jiragen kwale-kwale ke haurowa da shi ta kogin. Gishiri, ko na teku ne, aidin ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ainun, ƙasar noma mai nisa da teku kuma ruwan sama ya daɗe da wanke nata. Rogo da ba a jiƙa shi sosai ba da gero suna ɗauke da sinadaran da ke ƙara tauye tayirod. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna maƙoƙo ya yi katutu a gundumomi da dama na Ghana, musamman a arewa, inda da yawa daga mazauna Zongo suka fito. A 1996 gwamnati ta yi dokar da ta wajabta sa aidin a gishiri, shekara 3 bayan Nijeriya ta yi tata. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 ne a rana, mai ciki 250, kuma rashinsa yana tauye ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Gyaran ya zo da nasa darasi. Tayirod da ta daɗe cikin yunwar aidin har ta yi ƙulle-ƙulle, idan ta same shi kwatsam takan zarce da aiki. Wani nazari da Dakta Osei Sarfo-Kantanka da abokan aikinsa suka buga a 2017, bisa bayanan marasa lafiya na asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi daga 1982 zuwa 2014, ya nuna ƙaruwar masu zuwa da irin wannan zarcewa bayan dokar. An ga haka a wasu ƙasashe ma, kuma bai rage darajar gishiri mai aidin ba. Abin da yake nunawa shi ne a riƙa sa ido. Mai rama alhali yana ci, mai yawan gumi da rawar hannu da faɗuwar gaba, ya kamata a duba wuyansa da jininsa kafin a ce tsoro ne ko iska.

Kalmomin lura

Ƙishirwa, ko ƙishi, ji ne a maƙogwaro. Ƙarancin ruwa a jiki kuwa hali ne na jini, kuma tsoho yakan faɗa cikinsa ba tare da ya ji ƙishin sosai ba. A rubutu lanƙwasar ƙ ce ke raba ƙishi da kishi, kuma a Hausar Zongo, inda ƙ da ɗ da ɓ sukan koma k da d da b, sai mai sauraro ya dogara da tsawon wasali da muhallin magana. Maƙoƙo kumburi ne, maƙoshi da maƙogwaro kuwa sassan wuya ne. Faɗuwar gaba tana iya zama fargaba, tana iya zama bugun zuciya na cuta, kuma mai fassara tsakanin likita da majinyaci dole ya tantance wanda ake nufi.

Kammalawa

A yau likitoci sun fi auna BNP ko wani gutsurensa, domin ya fi daɗewa a jini, kuma da shi ake gane gazawar zuciya. Amma lambar da ke kan takarda ba ta magana ita kaɗai. Jikin da ya bushe yana iya nuna lamba ƙasa da yadda ciwon yake, tayirod mai zarce aiki tana iya ɗaga ta alhali tsokar zuciya ba ta lalace ba, tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga ta, ƙiba tana sauke ta. Don haka likita yake tambayar abin da aka sha da abin da aka ci, ko ana azumi, ko ana jego, ko akwai kumburi a wuya, kuma amsar da majinyaci ya bayar da Hausa rabin gwajin ce. Gishirin gida ya zama mai aidin, kada ya wuce giram 5 a rana kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kanwa a sassauta, mai jegon da numfashinta ya yi wuya a kai ta asibiti ba da jinkiri ba. Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tun 1981 ana tambayar jini ma, amma sai wanda ya san halin ruwan jiki da halin wuya yake fahimtar amsar.